Bayan an ce sun warke: abin da jinyar sankarar kaluluwa ke bari a jikin matasa

A cikin cututtukan daji da ke kama matasa, kaɗan ne likitoci suka samu galaba a kansu kamar sankarar kaluluwa, wadda a asibiti ake kira limfoma. Cuta ce da ke tasowa daga wasu fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, ta zauna a kaluluwar wuya ko ta hammata ko ta tsakiyar ƙirji, sau da yawa ba tare da wani zafi ba, sai dai kumburin da ya ƙi sacewa, da zufar dare mai jiƙa tufafi, da rama, da zazzaɓin da aka rasa dalilinsa. Nau'in da ake kira Hodgkin, wanda ya ci sunan likitan Ingila Thomas Hodgkin da ya fara bayyana shi a 1832, ya fi addabar samari da 'yan mata masu shekaru 15 zuwa 35, kuma a ƙasashen da magani ya wadata fiye da 9 cikin kowane 10 na matasan da suka kamu da shi suna nan da ransu bayan shekara 5. Wannan babbar nasara ce, kuma ba na so wani abu da zan faɗa a nan ya rage mata daraja. Sai dai ita kanta nasarar ce ta haifar da tambayar da likitocin da can ba su taɓa buƙatar yi ba, a zamanin da cutar ke kashe kusan duk wanda ta kama: yaya jikin mutumin da aka yi wa gashi da hasken na'ura aka kuma ba shi magani mai ƙarfi yana ɗan shekara 20 zai kasance idan ya kai 40 ko 55, kuma wa ke da alhakin sa masa ido a tsawon waɗannan shekarun?

Ba za a gane amsar ba sai an waiwayi yadda aka samo maganin. A 1950 wata likita a Toronto ta Kanada, Vera Peters, ta nuna cewa gashi da hasken na'ura na iya warkar da Hodgkin idan ba ta yi nisa ba. Daga baya Henry Kaplan na jami'ar Stanford a Amurka ya faɗaɗa hanyar, ana gasa wuya da hammata biyu da tsakiyar ƙirji a lokaci guda, fili mai faɗi da aka yi wa laƙabi da mayafi saboda yadda yake lulluɓe kafaɗu da ƙirji. A 1970 Vincent DeVita da abokan aikinsa a cibiyar binciken daji ta Amurka suka bayyana sakamakon haɗa magunguna huɗu da aka sani da MOPP, wanda ya warkar da mutanen da cutar ta riga ta bazu a jikinsu. Bayan 'yan shekaru Gianni Bonadonna a birnin Milan na Italiya ya fito da wani haɗin, ABVD, wanda har yau ake amfani da shi. A waɗannan shekarun kuma an saba tsaga ciki a cire saifa domin a gano iyakar inda cutar ta kai. Ba daidai ba ne a zargi waɗannan likitoci da ganganci, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, kuma marasa lafiyar da ke gabansu mutuwa ce ke jiran su cikin 'yan shekaru. Sun ceci rayuka da dama, kuma tsawon ran da waɗanda suka ceta suka yi ne ya ba mu damar ganin abin da maganin ke bari a baya.

Hasken gashi ba ya tantance ƙwayar cuta da lafiyayyen nama. Kaluluwar tsakiyar ƙirji tana maƙwabtaka da zuciya, huhu biyu suna gefenta, naman mama yana gabanta, ƙwayar tayirod mai daidaita kuzarin jiki da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna sama a wuya. Hasken da ya ratsa waɗannan gaɓoɓi yana barin rauni a fatar cikin jijiyoyin jini, raunin ya zama tabo, tabon ya yi ta kauri a hankali har jijiyar ta ƙuntace ko ƙofofin zuciya su sandare su daina buɗewa da rufewa yadda ya kamata. Wannan aiki ne na shekara 15, 20, har 30, ba tare da mutum ya ji komai ba. Haka kuma hasken yana taɓa ƙwayoyin halittar naman da ya ratsa, wanda daga cikinsu wata sabuwar sankara ke iya tasowa bayan shekaru masu yawa.

Magungunan kemo kuwa, wato masu kashe ƙwayoyin daji, kowanne da inda yake ciwo. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai karɓar ABVD ya san doksorubisin, jan maganin nan da ma'aikaciyar jinya ke turawa cikin jijiya sannu a hankali tana duban allurar kada ya zuba a ƙarƙashin fata, wanda ke mayar da fitsari ja na yini ɗaya ko biyu. Yana daga cikin magungunan da suka fi tasiri a kan cutar, amma yana kashe wasu ƙwayoyin tsokar zuciya, su kuma ba sa sake tsirowa. Haɗarin yana ƙaruwa da jimillar abin da aka karɓa: a wurin waɗanda aka yi wa magani suna yara, ana ɗaukar miligiram 250 a kowane murabba'in mita na faɗin jiki a matsayin iyakar da haɗari ke yin yawa daga nan, alhali zagaye 6 na ABVD yana kai wa 300. Zuciyar matashi tana da ƙarfin rufe wannan giɓi tsawon shekaru, har sai wani nauyi ya hau kanta, kamar juna biyu ko hawan jini ko manyanta, sannan gazawar ta fito fili. Biliyomaisin shi ma yana iya barin tabo a huhu. Magunguna irin su furokabazin da saikulofosfamaid suna taɓa haihuwa, kuma su da danginsu ne ke da hannu a sankarar jini da ke bayyana galibi cikin shekara 10 na farko, abin da ya ragu ƙwarai tun da ABVD ya maye gurbin MOPP.

Alƙaluman da suka fi bayyana girman lamarin sun fito ne daga ƙasar Holan, inda aka daɗe ana bin sawun marasa lafiya. Wani bincike da aka buga a 2015 ya bi mutum 3,905 da aka yi wa maganin Hodgkin tsakanin 1965 da 2000 suna da shekaru 15 zuwa 50, ya gano cewa haɗarin kamuwa da wata sankara ta biyu a wurinsu ya ninka na sauran jama'a sau 4.6, kuma bayan shekara 40 da jinya kashi 48.5 cikin 100 sun kamu da ita. Wani binciken na shekarar, a kan mutum 2,524, ya nuna cewa bayan shekara 40 kusan rabinsu sun samu wata matsala ta zuciya, ko toshewar jijiya ko lalacewar ƙofa ko gazawar tsoka, kuma waɗanda aka yi wa magani kafin su kai 25 su ne suka fi nisa da tsararrakinsu wajen haɗari. A Amurka, babban binciken da ke bin waɗanda suka tsira daga daji suna yara ya bayyana a 2014 cewa a cikin matan da aka gasa wa ƙirji saboda Hodgkin, kimanin kashi 35 cikin 100 sun kamu da sankarar mama kafin su cika 50, adadin da ya yi kusa da na matan da suka gaji lalatacciyar ƙwayar halittar BRCA1 mai ƙara haɗarin sankarar mama. Akwai wani abu mai ban tausayi a cikin wannan: matan da maganin ya kashe wa ƙwan haihuwa, al'adarsu ta ɗauke da wuri, su ne haɗarin sankarar mama ya yi wa sauƙi, domin sinadaran da ƙwan ke fitarwa suna taimaka wa sankarar girma. Wato asara ɗaya ce ta kare su daga wata.

A nan dole a tsaya a yi adalci, domin waɗannan alƙaluma suna iya tsorata matashin da aka gaya wa jiya cewa yana da cutar, har ya yi tunanin gudun magani. Duk alƙaluman da ke maganar shekara 40 bayan jinya, na mutanen da aka yi wa magani shekara 40 da suka wuce ne, da na'urorin wancan zamani da faɗin filin gashinsa. Abubuwa sun sauya sosai. An daina gashin mayafi, an koma gasa gurbin da cutar take kaɗai, an kuma rage ƙarfin hasken daga ma'auni 40 ko fiye zuwa 20 ko 30. An daina cire saifa. Hoton PET, mai nuna inda cutar ke aiki a jiki, da ake ɗauka bayan zagaye 2 na kemo yana nuna wanda cutarsa ta amsa magani, kuma wani gwaji da aka buga a 2016 ya tabbatar da cewa irin waɗannan za a iya janye musu biliyomaisin ba tare da wata asara mai yawa ba. Binciken yaran Amurka ya nuna a wannan shekarar cewa rabon masu Hodgkin da ake gasa wa ƙirji ya sauko daga kashi 87 cikin 100 a shekarun 1970 zuwa kashi 61 a shekarun 1990, kuma a dukkan nau'o'in dajin yara, mace-macen da ke faruwa cikin shekara 15 daga gano cuta a tsakanin waɗanda suka tsallake shekara 5 sun ragu daga kashi 12.4 zuwa kashi 6. Cutar da ba a yi wa magani ba kuwa kisa take yi, kuma babu wani haɗarin gaba da ya kai wannan. Duk da haka, binciken Holan na farko ya zo da gargaɗin da bai kamata a tsallake ba: haɗarin sankara ta biyu mai ƙullutu bai ragu ba a wurin waɗanda aka yi wa magani tsakanin 1989 da 2000 idan aka kwatanta da na gabansu. Sababbin magunguna irin su burentuksimab da aka amince da shi a 2011 da nibolumab da aka amince da shi don Hodgkin a 2016 ba su kai shekarun da za a ga tasirinsu na shekara 30 ba tukuna. Doksorubisin kuma yana nan a kusan kowane haɗi.

To, yaya duk wannan yake bayyana a gadon asibiti? Ƙasashen arewacin Turai suna da rajistar da ke rubuta duk wanda aka ba gado da dalilin kwantar da shi, wanda ya ba masu bincike damar kwatanta waɗanda suka tsira da tsararrakinsu. A Denmak an bi mutum 33,555 da suka kamu da daji suna da shekaru 15 zuwa 39 kuma suka rayu aƙalla shekara 5, aka buga sakamakon a 2016: gaba ɗaya yiwuwar a kwantar da su ta fi ta sauran jama'a da kashi 38 cikin 100, amma a wurin masu Hodgkin ƙarin ya kai kashi 87, wanda ya sa su cikin rukunai uku na sama tare da masu sankarar jini da ta ƙwaƙwalwa. Wani binciken da ya haɗa ƙasashen yankin, a kan fiye da mutum 21,000 da suka kamu da daji kafin su kai 20, ya samu kusan ninki biyu. Abin lura shi ne dalilan kwantarwar sun warwatsu ko'ina a jiki: zuciya, huhu, cututtuka masu yaɗuwa, sabuwar sankara, tayirod, hanji. Ma'anar wannan a aikace ita ce yawancin waɗannan mutane ba sashen daji suke komawa ba. Suna faɗawa hannun likitan zuciya ne, ko na huhu, ko na mata masu juna biyu, ko wanda ke aikin dare a sashen gaggawa, likitocin da ba su da masaniyar abin da aka zuba a jikinsu shekaru 20 da suka wuce.

Karanta irin waɗannan alƙaluma yana buƙatar hattara ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya suna iya zuzuta lamarin, domin mutumin da aka san ya taɓa yin daji an fi saurin ba shi gado da yi masa gwaje-gwaje a kan ciwon da za a sallami wani da shi, kuma nauyin bai rabu daidai ba: kaso mai yawa na kwanakin asibiti yana kan 'yan tsirarun da cutar ta dawo musu, aka ba su magani mai tsanani tare da dashen ƙwayoyin ɓargo, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka warke da magani kaɗan suna shafe shekaru ba su kwana asibiti ba. Ta ɗaya fuskar kuma alƙaluman suna rage lamarin, kuma a ganina wannan ya fi muhimmanci. Ba a ba mutum gado saboda gajiya, alhali gajiyar da ba ta jin barci tana daga cikin koke-koken da waɗanda suka tsira daga Hodgkin suka fi yi, kuma takan ɗauki shekaru. Ba a rubuta a rajistar asibiti cewa ɗalibi ya kasa komawa karatu, ko ma'aikaci ya rage sa'o'in aikinsa, ko wata tana shafa wuyanta kowace safiya tana neman kumburi, ko zuciyar wani na faɗuwa duk lokacin da ya farka da zufa cikin dare. Lissafin gadaje yana kama abin da ya kai mutum ƙasa ne kawai, ba ya ganin abin da yake ɗauke da shi yana tafe.

A ɗauki misalin mace mai shekara 39 da ta zo sashen gaggawa da nauyin ƙirji da haki idan ta hau bene. Ba ta shan taba, ba ta da ƙiba, ba ta da ciwon suga. Likitan da ya gaji yana da dalilin da zai ce ƙwannafi ne ko damuwa, domin mata masu shekarunta ba kasafai jijiyar zuciyarsu ke toshewa ba. An tambaye ta ko tana da wata cuta, ta ce babu, kuma gaskiya ta faɗa a fahimtarta, tunda an gaya mata tana 'yar shekara 24 cewa ta warke. Amma da likitan zai duba da kyau lokacin da yake ɗora abin sauraren ƙirji, zai ga ɗigo uku ko huɗu masu launin shuɗi-shuɗi, kowanne bai fi kan allura ba, ɗaya a tsakiyar ƙirji, sauran a gefe, da siririn tabo a gindin wuya inda aka yanki kaluluwa don gwaji. Waɗannan ɗigogi alamar da masu gashi ke yi wa fata ce domin su daidaita na'ura a wuri ɗaya kowace rana. Wanda ya gane su zai sauya lissafinsa nan take, ya ɗauke ta a matsayin mai haɗarin ciwon zuciya irin na wadda ta girme ta da shekaru masu yawa. Wanda bai gane ba zai rubuta mata maganin ƙwannafi ya sallame ta. Abin da ya fi damuna a wannan batu ke nan: sau da yawa bambancin yana rataye ne a kan bayanin da ya kamata ya kasance a rubuce a hannun mai ciwon.

Akwai wasu ƙananan bayanai irin wannan da ke iya zama mutuwa ko rayuwa cikin sa'o'i. Wanda aka cire wa saifa, ko aka gasa ta da ƙarfi, yana cikin haɗarin kamuwa da cutar ƙwayoyin bakteriya mai saurin kisa har ƙarshen rayuwarsa, don haka zazzaɓi a wurinsa ba abin jira zuwa gobe ba ne, kuma yana buƙatar alluran rigakafi na musamman. Wanda ya karɓi biliyomaisin ya kamata mai ba da maganin barci ya sani kafin tiyata, domin ana kaffa-kaffa da yawan iskar oksijin a irin wannan huhu. A Birtaniya da wasu ƙasashe ƙa'ida ce cewa duk wanda ya taɓa yin Hodgkin, idan za a yi masa ƙarin jini, sai jinin da aka haska da na'ura tukuna, har iya rayuwarsa, saboda fararen ƙwayoyin mai bayarwa suna iya far wa jikinsa. Macen da ta karɓi doksorubisin ko aka gasa wa ƙirji tana buƙatar hoton zuciya kafin ta ɗauki ciki ko a farkonsa. Tayirod kuwa, wadda gashin wuya ke yawan raunanawa, gwajin jini mai sauƙi sau ɗaya a shekara ke gano ta, ƙwaya ɗaya a rana ke gyara ta, amma mutum na iya shafe shekaru yana fama da kasala da jin sanyi da ƙiba ana cewa shekaru ne.

Batun haihuwa ya bambanta da sauran ta wajen lokaci, domin shawararsa ana yanke ta ne a makon da aka gano cutar, lokacin da hankalin matashi da iyayensa ya tashi, ba wanda ke tunanin 'ya'ya. MOPP ya bar yawancin mazan da suka karɓi cikakken zagayensa ba sa haihuwa. ABVD ya fi sauƙi sosai, yawancin maza da mata suna farfaɗowa, amma haɗe-haɗe masu tsanani irin su BEACOPP na likitocin Jamus, da maganin da ake bayarwa kafin dashen ɓargo, suna da haɗari mai yawa. Adana maniyyi aikin 'yan kwanaki ne. Na mata ya fi wuya, ko da yake an samu ci gaba: jaririya ta farko da aka haifa bayan an daskarar da naman ƙwan haihuwa aka mayar wa mai shi, a Birasels ta Beljiyam a 2004, mahaifiyarta ta tsira ne daga Hodgkin. Mace na iya ganin al'adarta ta dawo ta ɗauka komai ya daidaita, alhali ajiyar ƙwanta ta ragu kuma al'adar za ta ɗauke da wuri, abin da ke taƙaita shekarun haihuwarta ya kuma raunana ƙashi. Labari mai daɗi shi ne manyan bincike ba su samu ƙarin nakasar haihuwa a 'ya'yan waɗanda suka tsira ba.

Matsalar da ta haɗa dukkan waɗannan ita ce saɓanin lokaci tsakanin tsarin asibiti da halin jiki. An gina bibiyar masu daji ne a kan tsoron dawowar cuta, ita kuwa Hodgkin idan za ta dawo galibi cikin shekara 2 ko 3 na farko take dawowa. Saboda haka ana ganin mutum kowane wata 3, sannan kowane wata 6, sannan shekara-shekara, a shekara ta 5 a yi masa murna a sallame shi. Amma sankarar mama takan fara bayyana ne daga shekara 8 zuwa 10 bayan gashi, matsalar zuciya kuma bayan haka, wato daidai lokacin da ido ya kau. A tsakanin nan matashin ya bar asibitin yara ko na matasa, ya gama makaranta, ya koma wani gari, ya yi aure, likitan da ya san shi ya yi ritaya, fayil ɗinsa yana can cikin ma'ajiya ko ya ɓace. Shi kansa yana so ya manta, kuma ba na ganin laifinsa. Yaron da aka yi wa magani yana ɗan shekara 14 iyayensa ne suka saurari bayanin likita, abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa bai wuce amai da zubewar suma da jan maganin nan ba.

Tun 2005 cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa bai wa duk wanda ya gama jinyar daji rubutaccen taƙaitaccen bayanin maganinsa da tsarin bibiyarsa, amma aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya. Ko inda aka yi niyya mai kyau ana samun ɓaraka. A 2003 Birtaniya ta ƙaddamar da shirin nemo matan da aka gasa wa ƙirji saboda Hodgkin suna matasa domin a sa su cikin gwajin mama, amma a watan Maris na 2024 hukumomin lafiya na Ingila suka sanar cewa kusan mata 1,500 daga cikin masu irin wannan haɗari ba a tura su gwajin shekara-shekara da ya dace da su ba. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da rajistar daji da tsarin lafiya na bai-ɗaya, to a inda babu waɗannan abin ya fi haka. Holan ta bi wata hanya, ta kafa asibitocin bibiya na musamman da ake kira BETER, waɗanda ke nemo tsofaffin masu cutar su gayyato su, su tono bayanan maganinsu, su tsara wa kowa gwajin da ya dace da abin da ya karɓa.

Wannan kalma ta dacewa ita ce ginshiƙin bibiya mai ma'ana, domin ba kowa ke buƙatar kowane gwaji ba, kuma yawan ɗaukar hoton CT ga wanda ba ya jin komai ƙarin haske ne a jikin da ya riga ya sha haske. Macen da aka gasa wa ƙirji tana yarinya ko budurwa ana so ta fara gwajin mama kowace shekara, da hoton mama da na MRI, daga shekara 25 ko shekara 8 bayan gashin, duk wanda ya zo daga baya. Wanda ya karɓi doksorubisin mai yawa ko aka gasa wa zuciya yana buƙatar hoton zuciya bayan 'yan shekaru-'yan shekaru. Wanda aka gasa wa ciki ana so ya fara duba hanji tun kafin shekarun da sauran jama'a ke farawa, a kuma riƙa auna sugansa. Abubuwan da ke hannun mutum kansa suna da nauyi fiye da yadda ake zato: hawan jini a zuciyar da magani ya taɓa yana ninka haɗarin gazawarta, shan taba a huhun da aka gasa kuma ba ƙari yake yi a kan haɗarin sankarar huhu ba, ruɓanya shi yake yi.

Sauran nau'o'in limfoma da ba Hodgkin ba, irin su Burkitt da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, galibi ana maganinsu da kemo mai ƙarfi na ɗan gajeren lokaci ba tare da gashi mai yawa ba, don haka zuciya da haihuwa da ƙashi sun fi zama abin dubawa a wurinsu fiye da sankarar mama. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin ɗaga yawan yaran da ke tsira daga daji zuwa aƙalla kashi 60 cikin 100 nan da 2030, ta sa Hodgkin da Burkitt cikin cututtuka shida da ta fi mayar da hankali a kansu. A ƙasashen da har yanzu ake fafutukar samun maganin kansa, maganar abin da zai faru bayan shekara 25 tana iya zama kamar alatu. Ni ban yarda da haka ba, domin idan shirin ya ci nasara, dubban matasa za su shiga wannan sahu, kuma mafi muhimmancin abin da za su buƙata ba ya cin kuɗin na'ura.

Takarda ce ta shafi ɗaya ko biyu, wadda likitan da ya ba da maganin ne kaɗai zai iya cikawa cikin sauƙi, kuma ranar gama jinya ce lokacin da ya fi dacewa a cika ta, tun fayil yana kan tebur. Tana ɗauke da sunan cutar da matakinta da shekarar da aka gano ta, da sunan kowane magani da jimillar abin da aka bayar musamman doksorubisin, da gurbin da aka gasa da ƙarfin hasken, da ko an taɓa saifa, da ko an yi dashen ɓargo, da gwajin da za a fara da shekarar da za a fara shi, da sunan sashen da za a tuntuɓa idan wani likita yana da tambaya. Kwafi ɗaya na asibiti, ɗaya na likitan da ke duba mutum yau da kullum, ɗaya kuma na mai ita, ya ɗauki hotonta a waya ya ajiye ainihin inda yake ajiye takardar haihuwarsa. Wanda aka sallama shekaru da suka wuce ba tare da ita ba yana da haƙƙin komawa asibitin da ya yi jinya ya nema, kuma gara ya je tun yana jin lafiya, tun akwai wanda zai iya gano fayil ɗin.